Kan Burtu da Baƙin Agwagi

Mansir ya daɗe yana maƙwabtaka da Baba Matthias kafin ya san abin da dattijon ke yi da safiyar Asabar.

Shagunansu na jere a Gwallaga, bango ɗaya ya raba su. Mansir bakaniken injin ban-ruwa ne da janareta. Baba Matthias kuwa kayan gyara yake sayarwa, su fulogi da bel da kafireta. Mutumin Kudu ne, ya zo Bauchi yana saurayi, a nan gemunsa ya yi fari. Kullum wandonsa a goge. Ran Asabar ba ya buɗe shago sai hantsi ya dubi ludayi, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Mansir ya ɗauka harkar coci ce.

Wajen ƙarshen sanyi wani manomin rani ya kira Mansir bayan Zungur, injinsa ya ƙi tashi. Ya hau mashin da sassafe, hannunsa na ƙandarewa a kan hanya. Akwai tafki a wurin, damina ta cika shi, manoma su shanye shi da rani. Albasa da tumatir sun kewaye shi, ko ta ina ga tiyo ya tsoma baki a ruwa.

Ya wanke kafireta, ya ja igiya, inji ya ɗauka. Da ya ɗaga kai sai ya hango mutum a kan wani tudu, tsaye kamar kututture, ya kafa wani abu a ido.

"Wancan fa?"

"Mutuminku ne na birni," in ji manomin. "Duk Asabar yana nan. Da farko mun zaci mai awon fili ne, har mun kai magana gaban mai unguwa. Ashe tsuntsaye yake kallo."

"Yana kamawa?"

"Ko ɗaya. Kallo kawai, ya koma gida."

Mansir ya goge hannu a wando ya nufi tudun. Sai da ya matso ya gane wandon.

"Baba Matthias?"

"Shhh. Injiniya, ka zo a hankali. Ƙafarka yana da surutu."

Haka Hausarsa take, komai namiji ne. Ya miƙa masa tabaron hangen nesa, wani tsoho mai nauyi, idonsa ɗaya ya yi yana. Mansir ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ruwan ya taso ya same shi a fuska, har ya ja da baya.

Ya ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Ya ga balbelu. Ya ga garken kirinjijiya, agwagin nan masu farar fuska da ke wucewa ta saman gari suna fito. Duk ya san su, sai dai bai taɓa tsayawa ya dube su ba.

"Bar su," in ji dattijon. "Waɗannan 'yan gida ne. Duba can ƙarshe, bayan ganyen bado. Ka ga ƙanana?"

Ya gani. Wasu ɗigo-ɗigo ne masu duhu, sun ware kansu gefe guda.

"'Ya'yan kirinjijiya ne," Mansir ya ce.

"A'a. Baƙi ne. Daga Turai ya zo."

"Turai ta Turawa?"

"Akwai wani Turai? Sanyin can yana daskarar da ruwa, ba abinci. Sai ya tashi, ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara, ya sauka nan."

Mansir ya sauke tabaron ya dubi dattijon. Ba alamar wasa a fuskarsa.

"Baba, agwagwa fa. Wadda ko katangar gidanmu ba ta tsallakewa."

"Na gidanku ya ci dusa ya yi ƙiba, kamar kai."

Ya ciro wani littafi mai hotunan tsuntsaye daga jaka, bangonsa duk ya saɓule, ya buɗe wani shafi. Ƙaramar agwagwa ce, kanta ruwan makuba, da farin layi da ya taso daga saman ido ya lanƙwasa har ƙeya.

"Namijin ke nan. Idan akwai wannan farin layi, shi ne. Idan babu, kai ka yi gaskiya."

"To kai ka ga layin?"

Dattijon ya rufe littafin.

"Tabaro ya tsufa. Ni ma na tsufa."

"Ke nan ba ka sani ba."

"Ban sani ba. Ina zato."

"Mu matsa mana."

Suka matsa. Ba su yi nisa ba wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, fari da baƙi, ya tashi daga bakin ruwa yana ƙara kamar an taka masa wuya. Zakaran ƙeƙuwa ne, mai gadin tafki. Nan take ruwan ya yamutse. Komai ya tashi. Ƙananan suka fi kowa sauri, suka yi sama a dunƙule, suka kewaya, suka sauka can inda ido ba ya rabe komai.

"Kullum haka yake yi mini," in ji Baba Matthias. "Munafuki."

Mansir ya dubi gaɓar tafkin. Laka ta tsage a inda ruwa ya janye. Ya saurari injinan, ya san muryar kowanne, yawancinsu ta hannunsa suka bi. Ya san abin da suke sha a wuni. Ruwan nan ba zai kai lokacin zafi ba.

"Idan ya ƙafe fa?"

"Sai su tafi. Ko bai ƙafe ba ma sun kusa."

Abin ya shiga kan Mansir ya zauna. Ba ya son tambayar da ba ta da amsa. Inji idan ya ƙi, sai ya kwance shi ya ga cikinsa, ko da zai kwana a kai. Wannan kuwa ba ta kwantuwa. Yana ɗaure noti yana tunanin fiffike bai kai tafin hannu biyu ba a saman hamada. Ƙarya ce, in ji shi. Can kuma ya ce, to idan gaskiya ce fa? Ya koma tafkin shi kaɗai tsakiyar mako, ya sunkuya, ya bi ta cikin albasa. Zakaran ƙeƙuwa ya tona shi tun bai kai ko'ina ba.

Ran Juma'a bayan masallaci ya biya Ƙofar Ran gaida kakarsa, Iya Kubura. Ta zuba masa dambu. Ya ci loma kaɗan ya tsaya.

"Ango, me ya same ka? Kana cin abincina kamar mai shan magani."

"Agwagwa ce, tsohuwa."

"Agwagwa? Ga su can suna ɓata mini tsakar gida. Ɗauki biyu, na yafe."

Ya ba ta labari. Ta saurara tana tsince shinkafa a faifai.

"Yanzu kai, da gemunka, tsuntsu ya gagare ka matsawa? Kakanka barewa yake isa har ya ji numfashinta."

"Da me?"

Ta nuna ɗakin marigayin da haɓa. "Je ka duba bayan ƙofa."

Ya san abin tun yana ƙarami, da shi ake tsorata su idan sun ƙi wanka. Kan burtu ne na gaske, babban tsuntsun dajin nan baƙi mai tafiya a ƙasa. Ga dogon bakin, ga tozon a samansa. An kafa shi a kan lanƙwasasshen itace da aka naɗe da baƙar fata, an manna jajayen 'ya'yan idon zakara a maƙogwaron. A gindin akwai igiyar fata da maharbi ke ɗaurawa a goshi. Namun daji ba sa gudun burtu, tare suke kiwo. Shi ya sa maharba ke aron kansa.

Mansir bai taɓa ganin burtu mai rai ba. Ya juya abin a hannu.

"Da riga ake haɗawa," in ji Iya Kubura. "Tana cikin adaka. Baƙa."

"Ke kin taɓa zuwa daji ne?"

"Wa yake wanke rigar? Wa yake ɗinke gwiwarta? A tsakar gidan nan yake gwadawa, kaji ne alƙalai. Idan suka watse, bai yi ba. Ɗaura mu gani."

Ya ɗaura. Ya zura rigar, tana warin ajiya. Ya durƙusa a kan gwiwa da hannu ya nufi kajin. Suka watse har da hawa katanga. Matan gidan suka fito ƙofar ɗaki suna riƙe ciki.

"Wannan ba burtu ba ne, ɗan sanda ne," in ji tsohuwar. "Kana tafiya kamar mai zuwa wani wuri. Burtu ba shi da inda za shi. Kiwo yake. Ka taka, ka tsaya. Ka cakki ƙasa. Ka ɗaga kai ka dubi inda ba ruwanka. Kada ka miƙe wa abin da kake so, bi ta gefe kamar ba ka gan shi ba."

Ya sake. Ya sake kuma. Gwiwarsa ta yi ja. Wajen la'asar sakaliya wata kaza ta zo ta tsinci tsaba a gaban hannunsa, ba ta ko dube shi ba.

"Yauwa. Bindigar fa? An sayar da ta kakanka."

"Ba bindiga."

"To idan ka isa me za ka yi mata?"

"Kallo."

Ta dube shi. "Allah ya shirya mini kai, Ango."

Bai gaya wa Baba Matthias ba. Kunya yake ji. Idan abin bai yi ba, gara ya zama shi da kaji kaɗai suka sani.

Washegari yana idar da sallar asuba ya ɗaure kayan a bayan mashin. Ya ajiye mashin nesa, ya zaga ta gabashin tafkin, inda ba gona, sai doguwar ciyawa da ta kai ƙugu. Tururi na tashi daga ruwan. Injina ba su fara ba. Ya zura rigar, ya ɗaura kan, ya yi bisimilla ya durƙusa.

Ƙasar na da sanyi kamar ƙarfe. Ya taka, ya tsaya. Ya sunkuyar da goshi, dogon bakin ya cakki ƙasa. Ya ɗaga, ya dubi kudu, inda ba komai. Daga waje, kan ne kaɗai ke fitowa saman ciyawa. Shi kuma yana leƙe ta tsakanin karare.

Ga zakaran ƙeƙuwa a kan wani dunƙulen laka. Ya miƙa wuya. Ya kafe shi da jan ido. Mansir ya juya masa ƙeya, ya cakki ƙasa, ya sake caka. Da ya saci kallo, tsuntsun ya koma gyaran gashinsa.

Ya wuce shi.

Ƙasa ta koma taɓo. Ruwa ya shiga gwiwar wandonsa. Ya bi ta gefe, ya lanƙwaso, ya sake bi ta gefe, har ciyawar ta fara sirancewa. Ya raba karare da yatsa.

Ga su. Kusa ƙwarai, da zai jefa hula da ta faɗa a tsakiyarsu. Ƙanana ne, ba su kai rabin agwagwar gida ba. Suna shawagi tsakanin ganyen bado, iska na juya su a hankali.

Barci suke. Kowace ta juya wuya ta cusa kai cikin gashin bayanta. Ba fuska ko ɗaya.

Ya cije leɓe. To, zai jira.

Yana jiran ne ya ji kara ya karye a bayansa.

Ya juya kai a hankali. Can baya, inda ciyawar ta fara, mutum ne a sunkuye, tabaro a ido. Wando a goge. Baba Matthias ya zo kamar yadda ya saba, ya hau tudunsa, ya hango kan burtu yana yawo a saman ciyawa. Ya manta da agwagi. Ya zagayo tafkin yana sanɗa.

Da kan ya juyo gare shi, dattijon ya daskare, ƙafa ɗaya a sama.

Mansir ya mayar da fuska ga ruwa. Kara ya sake karyewa. Ya juyo. Dattijon ya sake daskarewa. Ya juya, taku. Ya juyo, tsit.

Zakaran ƙeƙuwa na tsakaninsu, kuma ya daina gyaran gashi. Ya miƙe, yana ɗaga kai yana saukewa. Taku kaɗan ya rage ya fasa ihu. Idan Mansir ya tashi tsaye, an gama. Idan ya ɗaga murya, an gama. Idan ya yi shiru, dattijon zai ƙaraso, an gama.

Ya dubi agwagin. Da ƙyar ya samu wurin nan. Ya saki kararen suka rufe.

Ya juya ya fara kiwo zuwa wajen Baba Matthias. Wanda tsuntsu ke nufowa ba ya motsi, wannan kam ya tabbata. Ya taka, ya tsaya, ya cakki ƙasa. Dattijon ya sulale a hankali ya durƙusa cikin ciyawa, ya sauke tabaron, don abin ya zo kusa har ba a bukatarsa. Mansir na ganin fuskarsa ta tsakanin karare. Baki a buɗe. Bai taɓa ganin dattijon haka ba, kamar yaron da aka ce ga babanka ya dawo daga tafiya. Sai Mansir ya ji tausayinsa. Da ma burtun gaske ne.

Ciyawa ta ƙarshe ta rabu. Idon dattijon ya sauka daga kan bakin zuwa wuyan, daga wuyan zuwa igiyar fata, daga nan zuwa hannu mai baƙin mai a farce.

"Baba, ni ne," Mansir ya raɗa. "Kada ka tashi."

Dattijon ya ƙura masa ido.

"Injiniya?"

"Ni ne."

Dattijon ya rufe ido.

"Tun ina yaron mota rabona da burtu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A hanyar daji na gani, guda biyu, suna tafiya kamar masu gari. Yau na ce Allah ya tuna da ni."

"Yi haƙuri, Baba."

"Har na fara tunanin wanda zan gaya wa." Ya buɗe ido ya ƙare wa kan kallo. Ya kai yatsa ya taɓa tozon. "Amma wannan na gaske ne."

"Na kakana ne. Maharbi ne."

"Shi ya sa ba na ganinsu. Kakanka ya cinye."

"Kan kawai ya ɗauka."

"Sauran jikin ya tashi ya tafi gida, ko?"

Dariya ta taso wa Mansir, ya danne ta da hannun riga. Kan burtun ya yi ta rawa a sama.

"Baba, na isa wurinsu. Har gabansu."

Dattijon ya kama masa hannu. "Ka ga layi?"

"Barci suke. Sun ɓoye kai."

"To me kake yi a nan?"

"Kai na zo tsarewa."

Baba Matthias ya dubi ciyawar, ya dubi taɓon, ya dubi wandonsa. Ya cusa tabaron cikin riga.

"Wuce gaba. Ina bayanka."

"Za a gan ka."

"Rigarka yana da faɗi. Ni wutsiya ne."

Haka suka tafi, burtu a gaba, dattijo a baya ya kwantar da kai, yana bin tafin ƙafar Mansir. Idan kai ya tsaya, wutsiya ta tsaya. Zakaran ƙeƙuwa ya bi su da ido har suka wuce. Ya yi ƙara ɗaya, gajera, kamar mai tambaya. Mansir ya cakki ƙasa. Bai ƙara ba.

Rana ta fito sosai lokacin da suka kai bakin ruwan. Tururin ya watse. Iska ta ɗan matsar da agwagin, amma suna nan, kai a ɓoye. Wuyan Mansir ya ƙage. Igiyar ta ci masa goshi. Wani abu na tafiya a ƙwaurinsa, bai duba ba. A bayansa yana jin numfashin dattijon, da ƙyar yake fita.

Sai inuwa ta gilma a kan ruwan. Shirwa ce ke kewaya a sama.

Agwagwar da ke kusa da Mansir ta zare kai. Ba ta tashi ba. Ta karkatar da fuska gefe guda, ta dubi sama da ido ɗaya.

Ashe namiji ne. Ga layin, fari tas, kamar an ja shi da alli. Ya taso daga saman ido, ya lanƙwasa, ya sauka har ƙeya. Kansa ruwan makuba ne. Ƙirjin rodi-rodi. A kafaɗa wasu dogayen gashi sun zubo, fari da baƙi, waɗanda hoton littafin bai nuna su da kyau ba. Na kusa da shi ma ya ɗaga kai, shi ma da layin. Sauran ba su da shi sosai, ruwan ƙasa ne, matan ke nan. Na farkon ya buɗe baki ya yi wata ƙara busasshiya, kamar sarƙar mashin da ta rasa mai.

Mansir ya manta da wuyansa. Ɗan abu ne. Zai shiga aljihun rigar nan. Idonsa bai fi ƙwayar barkono ba, kuma da shi ya ga teku.

Aka ja masa ƙafa.

"Akwai?"

"Akwai."

"Fari?"

"Fari."

"Ka rantse."

"Wallahi, Baba. Har biyu."

"Ni ƙafarka kawai nake gani. Kuma bai da kyau."

Mansir ya sauke kan burtun a hankali har ya nutse cikin ciyawa, kamar tsuntsun ya sunkuya kiwo. Ya kwance igiyar. Ya mirgina gefe, ya zare rigar, ya tura su baya. Dattijon ya zura rigar a kwance, ya ɗaura igiyar a karkace. Mansir ya gyara masa.

"Kada ka miƙe musu. Ɗaga a hankali, ka dubi wani wuri tukuna."

"Yau kai ne malam."

Dattijon ya ja jiki gaba a kan gwiwar hannu. Wandon ya zama laka har ƙugu. Kan burtun ya taso sama da ciyawa, ya dubi arewa, ya dawo. Sai ya tsaya cak. Ya daɗe bai motsa ba. Daga inda Mansir yake kwance yana ganin kafaɗun dattijon na ɗagawa suna sauka.

Ya bar shi ya more. Ya kwanta rigingine a cikin taɓon, sanyi na ratsa bayansa, yana kallon shirwar har ta gaji ta yi yamma. Can ya matso da baki kusa da kunnen dattijon.

"Baba."

"Mm."

"Duk faɗin duniyar nan. Wa ya nuna musu tafkin Zungur?"

"Ban sani ba."

"Littafin bai faɗa ba?"

"Injiniya, yi shiru. Yana kallona."